Voir dire: Tankaɗe da rairayar da ke yanke shari'a tun kafin a kira shaidar farko

Sau shida aka gurfanar da Curtis Flowers gaban kotu a kan tuhuma ɗaya. A ranar 16 ga Yuli, 1996, an harbe mutum huɗu a wani kantin sayar da kayan ɗaki mai suna Tardy, a garin Winona da ke jihar Mississippi a kudancin Amurka, kuma babu wanda ya rayu a cikinsu. Winona ƙaramin gari ne mai mutum kimanin 5,000, fiye da rabinsu baƙaƙen fata. Flowers, wani matashi baƙar fata da ya taɓa aikin 'yan kwanaki a kantin, shi aka kama. Daga 1997 zuwa 2010, mai gabatar da ƙara guda ɗaya, Doug Evans, ya yi ta mayar da shi gaban shari'a. Sau huɗu ana yanke masa hukuncin kisa, sau biyu kuma shari'ar na watsewa ba tare da matsaya ba.

Da maganar ta kai Kotun Ƙolin Amurka a 2019, alƙalan ba su tsaya kan bindiga ko shaidun gani da ido ba. Abin da suka zura wa ido shi ne kwanakin da suka gabaci shari'ar, lokacin da ake zaɓen mutum goma sha biyun da za su saurare ta. A nan ne lissafi ya fito fili: daga cikin baƙaƙen fata 42 da Evans ya samu damar cirewa a tsawon shari'o'in, ya sa alƙalami a kan 41.

Wannan mataki na zaɓe shi ne lauyoyin Amurka ke kira voir dire.

Ma'anar kalmar da inda ta samo asali

Duk wanda ya yi karatun Faransanci a Yamai ko Maraɗi, da ya ga kalmomin nan biyu zai ce ai ma'anarsu a fili take: "gani" da "faɗi". Lauyoyi da dama a Amurka ma haka suke fassara su, har suna cewa wai mataki ne na ganin mutum yana magana. Fassarar tana da daɗin ji, amma ba daidai ba ce. Voir ɗin da ke nan ba na Faransancin yau ba ne. Tsohuwar kalma ce da ta fito daga verum na Latin, wato gaskiya. Ma'anar voir dire ita ce "faɗin gaskiya".

Kalmar ta shiga kotunan Ingila ne bayan Normanawa sun ci ƙasar da yaƙi a 1066, suka kawo harshensu fada da majalisar shari'a. Daga nan aka samu wani irin Faransanci na lauyoyi, wanda ya ci gaba da rayuwa a takardun kotu ɗaruruwan shekaru bayan mutanen gari sun manta da shi. A asalinta rantsuwa ce: kafin mutum ya ba da shaida ko ya zauna cikin masu yanke hukunci, sai a rantsar da shi cewa zai faɗi gaskiya a kan tambayoyin da za a yi masa game da kansa. Shin yana da dangantaka da mai ƙara? Yana da wata riba idan shari'ar ta faɗa wani ɓangare? Daga sunan rantsuwar, kalmar ta koma sunan tambayoyin gaba ɗaya. Ko wajen furta ta ma ba a haɗu ba. Wasu na cewa "buwa dir", lauyoyin Texas da maƙwabtansu kuwa "bo daya" suke cewa abinsu, ba tare da neman afuwar kowa ba.

Kafin a gane nauyin matakin, sai an gane juri. A Amurka, idan laifi babba ne, ba alƙali ke cewa mutum ya aikata ko bai aikata ba. Aikin 'yan juri ne, wato masu taya alƙali yanke hukunci: mutanen gari, direba da malamar asibiti da mai shago, waɗanda ake zaƙulo sunayensu daga rajistar masu zaɓe da ta masu lasisin tuƙi. Alƙali yana fayyace masu doka, su kuma su ce wa suka gaskata. Gyara na shida a kundin tsarin mulkin ƙasar, wanda ya fara aiki a 1791, ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin samun juri marar son kai. Tun 2020 kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa a babban laifi sai bakinsu ya zo ɗaya kafin a kama mutum da laifi, a kowace jiha. Ke nan mutum ɗaya tak, idan ya turje, ya isa ya hana hukunci. Shi ya sa kowace kujera a cikin sha biyun nan ake kokawa a kanta.

Yadda ake tankaɗen

Ana tara mutanen da aka aika wa sammaci, a rantsar da su, a fara tambayoyi. A kotunan tarayya galibi alƙali ne ke tambayar. A kotunan jihohi da yawa ana sakar wa lauyoyi mara su yi da kansu. Daga amsoshin ne ake cire mutane, ta hanyoyi biyu.

Ta farko ita ce cirewa da dalili. Idan mutum ɗan'uwan mamaci ne, ko ya ce shi kam ya riga ya yanke hukunci a ransa, lauya zai nemi a sallame shi, alƙali ya duba ya amince ko ya ƙi. Wannan ba ta da iyaka. Ma'aunin kuwa tsoho ne. A 1807, lokacin shari'ar cin amanar ƙasa da aka yi wa tsohon mataimakin shugaban ƙasa Aaron Burr a Richmond, an rasa wanda bai ji labarin ba. Alƙalin Alƙalai John Marshall ya bambanta tsakanin ra'ayi mai sauƙi da shaida za ta iya kawarwa, da ra'ayin da ya kafu har ya toshe kunnen mai shi. Na biyun ne ke hana mutum zama. Har yau a kan wannan layi ake tafiya: ba a neman wanda bai san komai ba, ana neman wanda zai iya ajiye abin da ya sani a bakin ƙofa.

Shari'ar Donald Trump a birnin New York a watan Afrilun 2024 ta nuna wahalar hakan. Alƙali Juan Merchan ya tanadi tambayoyi 42, har da irin jaridun da mutum ke karantawa da ko ya taɓa halartar gangamin goyon bayan Trump ko na adawa da shi. A rukunin farko na mutum 96, fiye da rabi suka ɗaga hannu cewa ba za su iya yin adalci ba, aka sallame su nan take. Wata da aka riga aka zaɓa ta dawo ta ce 'yan'uwa da abokai sun fara gane ita ce, ta nemi a cire ta. Duk da haka, cikin kwana huɗu na zama aka kammala zaɓen mutum 12 da na ko-ta-kwana 6. A shari'ar Derek Chauvin, ɗan sandan da ya kashe George Floyd, ana tsakiyar zaɓe a watan Maris na 2021 sai birnin Minneapolis ya sanar da biyan iyalan Floyd diyyar dala miliyan 27. Dole alƙali Peter Cahill ya sake kiran waɗanda aka riga aka zaɓa, ya sallami biyu da suka ce labarin ya taɓa tunaninsu.

Hanya ta biyu ita ce mai ƙura. Kowane ɓangare yana da wani adadi na mutanen da zai iya cirewa ba tare da ya faɗi dalili ba, wato cirewar ganin dama. A kotunan tarayya, idan babban laifi ne, gwamnati na da 6, wanda ake tuhuma na da 10. Idan shari'ar na iya kaiwa ga kisa, kowa na da 20. Hikimar da aka gina ta a kai ba ta da laifi: wani lokaci lauya kan ga wani abu a idon mutum da ba zai iya tabbatarwa ba, kuma wanda ake tuhuma zai fi karɓar hukunci daga mutanen da bai ƙi ba. Sai dai abin lura a nan shi ne, a matakin da sunansa "faɗin gaskiya", ɗan ƙasa ne kaɗai ke rantsuwa. Lauyan da ke riƙe da alƙalamin cirewa babu wanda ke tambayarsa abin da ke ransa. Haka aka yi ta tafiya tsawon zamani.

Daga Batson zuwa Winona

Tun 1880 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar jihar West Virginia da ta keɓe aikin juri ga fararen fata. Amma abin da doka ta daina yi a fili, sai cirewar ganin dama ta ci gaba da yi a ɓoye. Za a kira baƙaƙen fata, su zo su zauna, a yi masu tambayoyi, sannan a sallame su ɗaya bayan ɗaya. A 1965 kotun ta ce sai wanda ake tuhuma ya tabbatar cewa mai gabatar da ƙara ya mayar da hakan ɗabi'a a shari'o'i masu yawa, sharaɗin da kusan babu wanda ya iya cikawa.

Sauyin ya zo a 1986, a ƙarar James Batson, baƙar fata da aka tuhuma da fasa gida a Louisville, jihar Kentucky. Mai gabatar da ƙara ya cire dukkan baƙaƙen fata huɗun da aka kira, fararen fata zalla suka kama shi da laifi. Kotun Ƙoli ta kafa ƙa'idar da har yau ake kira da sunansa: idan lauya ya nuna alamar cewa launin fata ne ya sa aka cire mutum, dole ɗaya ɓangaren ya kawo dalilin da bai shafi launi ba, alƙali kuma ya auna ko dalilin na gaske ne ko fakewa da guzuma ce. A 1994 aka faɗaɗa ƙa'idar ta haɗa da cire mutum don namiji ne ko mace.

Thurgood Marshall, baƙar fata na farko da ya zauna a kotun, ya goyi bayan hukuncin, amma ya yi gargaɗin cewa ba zai magance cutar ba. A ganinsa ƙirƙiro dalili abu ne mai sauƙi, don haka maganin kawai shi ne a soke cirewar ganin dama ɗungurungum. Lokaci bai ƙaryata shi ba. A 1995 kotun ta bar wa mai gabatar da ƙara a Missouri uzurinsa na cewa ya cire wani baƙar fata ne saboda doguwar suma da ba a gyara ba da gemu, ta ce ba lallai ne dalilin ya zama mai gamsarwa ba a matakin kawo shi. A shari'ar Timothy Foster ta jihar Georgia kuwa, sai bayan shekaru masu yawa lauyoyinsa suka yi amfani da dokar 'yancin samun bayanai suka karɓo takardun masu gabatar da ƙara. A ciki aka ga an shafa wa sunayen baƙaƙen fata koren alli, an rubuta harafin B a gefensu. Da wannan ne Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya a 2016. Ma'aikacin da ke rubutu a gefen fayil yana ganin babu mai karantawa, akwai abin dubawa a nan.

A Winona ba a samu koren alli ba, amma an samu ƙididdiga. A shari'ar farko fararen fata zalla ne suka zauna. A ta uku, Evans ya ƙarar da damarsa 15 duka a kan baƙaƙen fata, har Kotun Ƙolin Mississippi ta rushe hukuncin saboda haka. A ta huɗu, da damarsa ta ƙare baƙaƙen fata biyar suka samu shiga, sai kan 'yan juri ya rabu. A ta biyar uku suka shiga, nan ma aka tashi ba matsaya. A ta shida, a 2010, baƙaƙen fata shida ne suka zo gabansa. Ya bar ɗaya, na hana rantsuwa, ya cire biyar. Aka yanke wa Flowers hukuncin kisa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin alƙalan Washington shi ne yadda aka yi amfani da tambayoyin kansu. Baƙaƙen fata biyar ɗin da aka cire sun sha tambayoyi 145 daga ɓangaren gwamnati. Fararen fata 11 da suka zauna, tambayoyi 12 kacal aka yi masu gaba ɗayansu. Duk wanda aka tsananta wa bincike a gari mai mutum 5,000, ba za a rasa wata alaƙa da za a kama shi da ita ba. An cire wata mata bisa hujjar cewa ta san wasu shaidun ɓangaren Flowers, kuma ta yi aiki a kantin Walmart inda mahaifinsa ya yi aiki. Amma akwai fararen fata da su ma suka san mutane da dama da shari'ar ta shafa, ba a ko bi su da tambaya ba.

A ranar 21 ga Yuni, 2019, alƙalai bakwai suka rinjayi biyu, Brett Kavanaugh ya rubuta hukuncin, aka soke hukuncin kisan. An ba da belin Flowers a watan Disamba na shekarar, sannan a Satumbar 2020 ofishin Antoni Janar na jihar ya janye tuhumar baki ɗaya, bayan wasu muhimman shaidu sun janye maganarsu. Ya shafe kusan shekara 23 a tsare. Jihar ta amince ta biya shi dala 500,000. Evans kuwa, watanni kaɗan bayan hukuncin Kotun Ƙoli, ya sake cin zaɓen kujerarsa ba hamayya.

Wasu wurare sun bi shawarar Thurgood Marshall. Kanada ta soke cirewar ganin dama a 2019, jihar Arizona ta bi sahu daga farkon 2022. Ba kowa ya yi murna ba, domin lauyoyi masu kare waɗanda ake tuhuma na cewa makamin da aka ƙwace nasu ne ma, kuma shi ne abin da ya rage wa talaka idan alƙali ya ƙi cire mutumin da ƙiyayyarsa ke bayyane a fuska. Ingila, inda kalmar ta taso, ta riga kowa: tun 1988 ta ƙwace wannan dama daga wanda ake tuhuma. A can ana jawo sunaye ne ta hanyar ƙuri'a, tambayoyin kuma 'yan kaɗan ne, yawanci ko mutum ya san wani a cikin shari'ar. Irin wannan juri ne ya kama tsohon Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa Ike Ekweremadu da laifi a kotun Old Bailey ta Landan a watan Maris na 2023.

Abin da kalmar ke nufi a kotunan Najeriya

Lauyan Abuja da ya ce za a shiga voir dire ba zaɓen juri yake nufi ba, don babu juri a Najeriya. Legas ta taɓa amfani da shi a shari'o'in kisan kai tun zamanin Turawa, aka soke shi a lokacin mulkin soja, yayin da Ghana ta riƙe nata mai mutum bakwai. Abin da Najeriya ta gada shi ne ɗaya ma'anar kalmar, wadda ta fi kusa da asali: ɗan binciken da kotu ke tsayawa ta yi kafin ta karɓi shaida. Wanda ya saba da kotunan shari'ar Musulunci zai tuna da tazkiyar shaidu, duk da cewa hanyoyin sun bambanta.

Misali mafi sauƙi shi ne na yaro. Sashe na 209 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce ba a rantsar da yaron da bai kai shekara 14 ba, amma zai iya ba da shaida idan kotu ta gamsu yana da isasshen hankali kuma ya san wajibcin faɗin gaskiya. Tambayoyin da alƙali ke yi masa don gano hakan voir dire ne.

Wanda aka fi gani a labaran kotu shi ne shari'a cikin shari'a. Mai gabatar da ƙara zai miƙa takardar da ya ce wanda ake tuhuma ya amsa laifi a cikinta. Lauyan da ke kare shi zai miƙe ya ce da duka ko barazana aka karɓe ta. A nan sai a jingine babbar shari'ar, a buɗe ƙarama. Jami'in da ya ɗauki bayanin zai shiga akwatin shaida ya faɗi ɗakin da aka zauna, da waɗanda ke wurin, da ko an gargaɗi mutumin cewa ba dole ne ya yi magana ba. Shi ma wanda ake tuhuma zai faɗi nasa, wani lokaci har ya nuna tabo. Sashe na 29 na Dokar Shaida ya ɗora nauyin a kan masu gabatar da ƙara: su ne za su tabbatar, ba tare da sauran shakka ba, cewa ba da tursasawa aka samu bayanin ba. Idan suka kasa, kotu ba za ta karɓe shi ba, ko da abin da ke cikinsa gaskiya ne. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta ƙara da tanadin ɗaukar irin wannan bayani a bidiyo, da kuma gaban lauya ko wani wakilin wanda ake zargi, kuma hukumomin bincike da suka yi sakaci da tanadin sun ga an watsar da takardunsu a kotu.

Akwai masu ganin wannan mataki ya zama kaya. Hujjarsu ita ce an ƙirƙire shi ne a Ingila don a fitar da 'yan juri daga ɗaki, kada su ji amsa laifin da mai yiwuwa za a jefar. A Najeriya kuwa alƙali guda ne ke jin ƙaramar shari'ar da babbar, don haka abin da ake ɓoye wa kunne ya riga ya shiga, ga kuma watannin da ake ɓatawa. Masu kare shi na amsawa da cewa a ƙasar da sau da yawa takardar amsa laifi ce kaɗai ƙwaƙƙwarar hujjar da ake zuwa da ita, wannan ne lokaci ɗaya da ake tilasta wa mai bincike ya yi bayanin yadda ya same ta, bisa rantsuwa, gaban mutumin da ya tsare.

Ƙofar shiga matakin kuma ƙunci gare ta. Dole a ɗaga ƙorafin a daidai lokacin da aka miƙa takardar, ba bayan an karɓe ta ba. Sannan kotunan Najeriya sun bambanta kalamai biyu da a kunnen wanda ba lauya ba kusan ɗaya suke. Wanda ya ce "ban taɓa yin wannan bayani ba, ba sa hannuna ba ne", ba a buɗe masa shari'a cikin shari'a. Ana karɓar takardar, a bar maganar nauyinta sai ranar hukunci. Wanda ya ce "na sa hannu, amma tilasta mini aka yi", shi ne ake dakatar da komai dominsa, a kira ɗan sandan da ya riƙe biron.